Sharhi Kan DEAP: Yadda Yake Ɗaukar Rage Alamomin Kwatance da na Manɗiƙi

DEAP kunshin manhaja ne na harshen Python wanda wasu masu bincike a Jami'ar Laval da ke Kebek, a ƙasar Kanada, suka rubuta, kuma suka gabatar da shi a mujallar binciken koyon na'ura ta JMLR a shekarar 2012. Kyauta ake samunsa a ƙarƙashin lasisin LGPL, umarni guda na pip, manhajar girka kunshin Python, kuma ya isa a girka shi. Yana ɗauke da dabaru iri-iri masu kwaikwayon gado da zaɓi, amma sashen da wannan sharhi ya shafa shi ne na GP, wato dabarar da ake barin kwamfuta ta hayayyafa ƙananan shirye-shirye da kanta. Ana fara da tarin shirye-shiryen da aka haɗa barkatai, kowanne da siffar bishiya, a gwada su a ba su maki, a zaɓi masu dama-dama a aurar da rassansu, a yi wa wasu sauyin bazata, a ci gaba da haka zuriya bayan zuriya har a sami wanda ya warware matsalar. Kowace bishiya ana gina ta ne da alamomin da mai amfani ya tanada, don haka tambayar da na auna DEAP da ita guda ce: idan mutum yana so ya rage alamomin kwatance da na manɗiƙi, wato masu aiki da gaskiya da ƙarya irin AND da OR, zuwa 'yan kaɗan, me kunshin yake sauƙaƙa masa, me kuma yake bar masa ya ji da shi?

Dalilin son ragewar a fili yake. Harsunan kwamfuta na yau da kullum suna da alamomin kwatance guda shida, wato <, ≤, >, ≥, = da ≠, ga kuma AND, OR, NOT da XOR (mai ba da gaskiya idan ɗaya kaɗai cikin biyu ne gaskiya), kuma an tanade su da yawa haka ne domin ɗan Adam ya rubuta abin da yake nufi ba tare da zagaye-zagaye ba. Na'urar da ke haɗa bishiyoyi barkatai ba ta da wannan buƙata. A gare ta a > b daidai yake da b < a, a ≥ b shi ne korewar a < b, daidaito kuwa shi ne a rasa wanda ya gaza ɗan'uwansa a cikin biyun. Alama ɗaya tare da NOT da AND ta wadatar da duka shidan. A ɓangaren manɗiƙi ma tun 1913 Henry Sheffer ya nuna cewa alama guda tana iya haifar da sauran, kuma NAND (korewar AND) da NOR (korewar OR) kowace tana da wannan siffa. Duk alamar da aka ƙara tana faɗaɗa fagen da ake lalube a cikinsa, saboda haka mai hankali zai so ya cire wadda ba ta kawo sabon abu ba.

Abin yabo na farko a DEAP shi ne bai ɗora wa kowa wata alama ba. Ana buɗe PrimitiveSet babu komai a ciki, sannan a ƙara kowace alama da addPrimitive, a faɗi gurabenta nawa ne, kuma duk wani aikin Python da mutum ya rubuta yana iya zama gaɓar bishiya. Cire alama ko mayar da ita layi ɗaya ne, wanda ya sa gwada jeri daban-daban a kan matsala guda ba ya cin lokaci. Idan aka kwatanta da gplearn, wani kunshin GP na Python wanda ya zo da jerin alamomin lissafi nasa kuma babu kwatance a cikinsu sai an ƙera ta hanyar make_function, za a ga DEAP ya fi dacewa da mai son bincike a kan harshen kansa. Rubutun shirin sashen gp ɗin ma gajere ne kuma yana karantuwa, wanda yake da muhimmanci ƙwarai, domin yawancin abubuwan da zan ambata a ƙasa ba a takardun bayani suke ba, sai an buɗe fayil ɗin an duba ake gane su.

Kafin a kai ga ragewa, dole a yanke shawarar yadda gaskiya da ƙarya za su zauna tare da lambobi. John Koza, ɗaya daga cikin jagororin GP, a littafinsa na 1992, ya kafa sharaɗin cewa kowace alama ta iya karɓar abin da kowace alama ta fitar, tunda aure yana iya dasa kowane reshe a ko'ina. Hanyoyin da ya bi wajen cika wannan sharaɗi har yau suna aiki. Ɗaya ita ce kwatance ya fitar da lamba, 1 idan gaskiya ne, -1 idan ƙarya ne. Ɗayar ita ce a haɗe kwatance da sharaɗi a alama guda mai gurabe huɗu, IFLTE, wadda ke cewa idan na farko bai wuce na biyu ba a ɗauki na uku, in ba haka ba a ɗauki na huɗu. Da wannan alama babu gaskiya ko ƙarya da ke yawo a cikin bishiya sam, kuma AND da OR suna fitowa da kansu idan aka cusa sharaɗi a cikin sharaɗi. A shekarar 1995 David Montana ya wallafa wata hanya dabam, inda kowace gaɓa take da nau'inta, ba a kuma dasa reshe sai a gurbin da ya dace da nau'insa. DEAP yana goyon bayan hanyoyin biyu, ta farko da PrimitiveSet, ta biyu da PrimitiveSetTyped, kuma ragewar alamomi tana da sakamako dabam a kowacce.

A tsarin da ba shi da nau'i, ragewar tana iya yin nisa fiye da yadda ake zato. Idan kwatance yana ba da 1 ko -1, to ɗaukar ƙarami tsakanin lambobi biyu ya zama AND, ɗaukar babba ya zama OR, juya alamar lamba kuma ya zama NOT, kuma duka ukun ayyukan lissafi ne da galibi suna cikin jerin tun farko. Ke nan ba a buƙatar wata alamar manɗiƙi ta musamman. DEAP yana karɓar wannan tsari ba tare da wata matsala ba, sai dai bai tanadi ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba, kuma wanda ya yi gaggawar ɗauko na cikin operator na Python zai gamu da tarko. Aikin operator.and_ haɗa ɗigogin lamba yake yi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka idan aka ba shi 2 da 1 sifili zai fitar, alhali Python yana ɗaukar kowannensu a matsayin gaskiya, idan kuma aka ba shi lamba mai ɗigo sai ya tsaya da TypeError. Misalan DEAP suna amfani da shi lafiya ne kawai saboda a cikinsu babu abin da ke ratsa shi sai 0 da 1 ko True da False. Wanda ya kwafi misalin ya zuba shi cikin jeri mai lissafi ba zai sami gargaɗi daga kunshin ba, kuma ina ganin jimla biyu a takardun bayani da sun isa su kare sababbin shiga daga wannan.

Tsarin mai nau'i ya fi tsabta, kuma misalin spambase da ya zo da kunshin shi ne wurin da ya fi dacewa a duba shi. Bayanan saƙonnin imel ne guda 4601, kowanne da ma'aunai 57, kuma ana neman bishiyar da za ta ce wannan saƙon shara ne ko a'a. Marubutan misalin sun riga sun yi tasu ragewar, domin daga kwatance shida biyu kawai suka bari, lt (ya gaza) da eq (daidai), tare da and_, or_, not_, ayyukan lissafi huɗu, da if_then_else, sharaɗin da ke zaɓa tsakanin lambobi biyu. Barin lt ita kaɗai a madadin 'yan'uwanta uku shawara ce mai ma'ana. Barin eq kuwa abu ne da ke buƙatar tsayawa a duba, domin gwada daidaito tsakanin lambobi masu ɗigo kusan kullum ƙarya yake bayarwa, har 0.1 + 0.2 ma Python bai yarda ya yi daidai da 0.3 ba. Reshen da kullum ƙarya yake fitarwa mataccen reshe ne mai cin wuri da lokaci. Abin da ya ceci eq a wannan misali shi ne yanayin bayanan, tunda 48 daga cikin ma'aunan yawan fitowar kalmomi ne, kuma a yawancin saƙonni yawancin kalmomin ba sa fitowa ko sau ɗaya, don haka gwada ma'aunai biyu yakan zama tambayar ko duka biyun sifili ne. A kan bayanan da ba su da wannan siffa, kamar zafi ko nauyi ko tsawo, eq ita ce alamar farko da zan cire, idan kuma matsalar tana buƙatar kusanci sai a maye gurbinta da math.isclose, wadda Python ya samu tun sigar 3.5.

Babban abin da mai ragewa ya kamata ya sani game da DEAP shi ne yadda yake zaɓar alama lokacin haɗa bishiya. Idan ana neman gaɓa mai fitar da gaskiya ko ƙarya, kunshin yana duba duk alamomin wannan nau'i ya ɗauki ɗaya da random.choice, kowace da rabo daidai da na saura. Ma'anar wannan ita ce yawan alamomi shi ne nauyinsu. Jeri mai kwatance shida da alamomin manɗiƙi uku zai fitar da kwatance sau shida cikin tara, wanda ke sa saman bishiya ya zama gajere, a sauka ga lissafi da wuri. Idan aka rage kwatance zuwa ɗaya, rabonsa ya koma ɗaya cikin huɗu, sai bishiyoyi su cika da AND da OR da NOT a cikin juna kafin su taɓa bayanan ko sau ɗaya. Mai ragewar yana tsammanin ya cire maimaici ne kurum, alhali ya canza siffar dukan zuriyar farko da ta duk reshen da sauyin bazata zai haifar daga baya. DEAP bai ba da hanyar ɗora wa alama nauyi ba. Dabarar da ake bi ita ce a shigar da aiki guda sau biyu ko uku da sunaye daban-daban, wadda take aiki amma ba ta da kyan gani, kuma tana ɓata karatun sakamako. A ganina wannan shi ne gibi mafi girma a kunshin game da wannan batu, domin duk gwajin da ya kwatanta dogon jeri da gajere ba tare da daidaita rabon ba, abubuwa biyu ya canza a lokaci guda, kuma ba zai iya cewa wanne ne ya kawo bambancin ba.

Wannan matsala tana ƙara tsanani idan ta haɗu da wata. Idan bishiya ta kai zurfin da aka iyakance mata, dole a rufe kowane gurbi da ganye, wato gaɓar ƙarshe marar rassa, kuma idan gurbin na gaskiya ko ƙarya ne, babu ganyen da zai shiga sai True ko False, tunda ma'aunan duka lambobi ne. Wanda ya ƙi shigar da waɗannan biyun zai sami IndexError mai cewa an nemi ganye na wani nau'i ba a samu ba, saƙon da kusan duk mai amfani da tsarin nau'i ya taɓa gani. Wanda ya shigar da su kuwa zai ga bishiyoyi irin and_(False, wani abu), waɗanda sakamakonsu ya tabbata tun kafin a duba ɗayan reshen. Yayin da rabon kwatance ya ragu, yawan waɗannan matattun rassa yana ƙaruwa. A spambase illar tana ɓuya sosai, domin saƙonnin shara 1813 ne kacal cikin 4601, saboda haka bishiyar da ke cewa ƙarya a kan kowane saƙo tana cin kusan kashi 60 cikin 100, makin da ya isa ta tsira a zuriyoyin farko ta kuma yaɗa irinta. Maganin shi ne mutum ya rubuta nasa aikin haɗa bishiya wanda idan ya zo gurbin gaskiya ko ƙarya a ƙarshen zurfi zai dasa kwatance mai ganyaye biyu. Aikin bai wuce 'yan layuka ba, amma ya kamata a ce kunshin ne ya zo da shi.

Sauyin bazata ma yana jin ragewar. Aikin mutNodeReplacement yana ɗaukar gaɓa ya musanya ta da wata alama mai nau'in gurabe iri ɗaya. Idan jerin yana da lt da gt (ya fi), kwatancen da ya juya baya yana gyaruwa da taki ɗaya, rassansa biyu kuma suna nan yadda suke. Idan lt ce kaɗai, babu abin da za a musanya ta da shi sai ita kanta, sauyin ya tafi a banza. Haka not_ take a kowane hali, tunda ita kaɗai ce mai gurbi guda. Koza ya bayyana wani sauyi da ke musanya wuraren rassan gaɓa, wanda shi ne ainihin abin da jeri mai lt kaɗai yake buƙata, amma DEAP bai kawo shi ba. Saboda haka, ko da yake gt maimaici ce a idon manɗiƙi, a idon mai lalube gajeriyar hanya ce tsakanin amsar da ta kusa da amsar da ta dace, kuma ni ina barin ta a jerin sai idan na rubuta sauyin musanya rassa da hannuna. Su kuwa ≤ da ≥, a kan lambobi masu ɗigo da wuya su bambanta da < da >, don haka cire su ba ya jawo asara, sai fa idan bayanan cikakkun lambobi ne ko masu yawan sifili.

Akwai wani abu a aikin aure da ya cancanci yabo ko da ba a yi shi da wannan niyya ba. A tsarin nau'i, cxOnePoint yana fara zaɓar nau'i ne daga cikin waɗanda iyayen biyu suka yi tarayya a kai, sannan ya zaɓi gaɓa a cikin wannan nau'i. Ke nan idan nau'i biyu ne, sashen manɗiƙi yana samun rabin auren ko da gaɓoɓinsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na bishiyar ba. Wannan yana taimaka wa gajeren jeri, domin sharuɗɗan da aka gano a bishiyoyi daban-daban suna samun damar haɗuwa.

Misalai biyu na manɗiƙi zalla da suka zo da kunshin suna nuna iyakar ragewa fiye da kowane bayani. Na farko shi ne matsalar cika da mara, inda ake ba da ɗigogi 6, a nemi a faɗi ko adadin waɗanda suke 1 cika ne, jimillar yanayi 64. Wahalar matsalar ita ce duk bishiyar da ta yi watsi da ɗigo ko da guda ɗaya, 32 cif za ta ci, daidai da wadda ba ta duba komai ba, don haka maki ba ya nuna hanya sai an kusa isa. Koza ya gwada ta da AND, OR, NAND da NOR, ta zama abin auna wahala a wannan fage. Misalin DEAP kuwa ya saka xor a jerin, kuma da ita amsar ba ta wuce XOR biyar da NOT guda ba. Wanda ya cire wannan layi ɗaya zai ga matsalar ta koma wata aba dabam. Lissafin dalilin mai sauƙi ne. XOR na ɗigogi biyu gaɓoɓi 3 ne idan alamar tana nan. Idan NAND kaɗai ake da ita, a da'irar lantarki ƙofofi huɗu sun isa saboda ana raba fitowar ɗaya zuwa wurare biyu, amma bishiya ba ta raba reshe, sai an maimaita shi, don haka ana buƙatar NAND biyar da ganyaye shida, gaɓoɓi 11. Tunda kowane mashigi yana bayyana fiye da sau ɗaya, idan aka cusa XOR a cikin XOR girman yana ninkuwa a kowane hawa.

Na biyu shi ne mazaɓin layi mai ɗigogi 11, uku na adireshi da takwas na bayanai, inda adireshin ke nuna wanne cikin takwas ɗin za a fitar, yanayi 2048. Da if_then_else cikakkiyar amsa tana da sharuɗɗa 7, ganyayen adireshi 7 da na bayanai 8, gaɓoɓi 22. Idan aka cire sharaɗin aka rubuta kowanne da OR ɗaya, AND biyu da NOT ɗaya, ganyen adireshi ya bayyana sau biyu, jimillar ta kai 50. Darasin da misalan biyu suke bayarwa iri ɗaya ne, cewa jerin da ya wadatar a ƙa'ida yana iya nisanta amsar har ta fi ƙarfin lalube, kuma alamar da ta dace da siffar matsalar ta fi guda uku da ba su dace ba.

Ga mai son ya ga ƙarshen ragewa, Python yana ba da wani abin sha'awa. Tunda False ya gaza True, lt a kan ƙimomin gaskiya da ƙarya alamar manɗiƙi ce: lt(a, True) shi ne NOT a, lt(lt(a, True), b) kuma shi ne a AND b. Haka eq ta zama korewar XOR, alamar ≠ kuma ta zama XOR kanta. Wato alama guda da ganyen True sun isa su ɗauki dukan kwatance da dukan manɗiƙi. DEAP zai karɓi wannan harshe, a shigar da lt sau biyu da sunaye biyu, ɗaya ta lambobi ɗaya ta gaskiya da ƙarya. Abin gwadawa ne don ilimi, amma bishiyoyin da ke fitowa daga gare shi ba sa karantuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan zaɓar GP a kan sauran dabarun koyon na'ura shi ne a sami amsar da mutum zai karanta ya fahimta. A nan ma akwai abin lura ga mai amfani da cikakkun lambobi. DEAP yana bin gadon nau'o'in Python, kuma a Python bool (nau'in gaskiya da ƙarya) reshe ne na int (nau'in cikakkun lambobi), don haka duk alamar da ke fitar da gaskiya ko ƙarya tana iya shiga gurbin cikakkiyar lamba, sai a ga ana tara sakamakon kwatance da lamba. Wani lokaci hakan yana da amfani, domin hanya ce ta ƙirga sharuɗɗan da suka cika, amma wanda bai so ba sai ya ƙirƙiri nasa nau'in.

Wani sharaɗi da duk ragewar kwatance ta dogara a kansa shi ne lambobi su kasance masu jeruwa, kuma ƙa'idar lissafin lambobi masu ɗigo ta IEEE 754 ta 1985 ta kawo ƙima guda da ta karya wannan, wato NaN, ƙimar da ke nufin ba lamba ba ce. Duk kwatancen da aka yi da ita ƙarya yake bayarwa, ban da ≠. Ke nan idan a ya zama NaN, a ≥ b ƙarya ne, korewar a < b kuwa gaskiya ce, alhali su ne muka ce abu ɗaya ne. A GP wannan ba tatsuniya ba ce, domin bishiyoyin da aka haɗa barkatai suna ninka lambobi har su wuce iyaka, Python ya mayar da su inf, wato marar iyaka, ba tare da ƙorafi ba, inf a debe inf kuma ya ba da NaN. Misalan DEAP suna kare rabawa da sifili ta hanyar mayar da 1, amma ba su ce komai game da wannan ba. Illarsa ita ce bishiya tana iya cin maki ta hanyar dogaro da halin NaN, sannan idan aka sake rubuta ta da hannu, aka mayar da korewar lt zuwa ≥ don ta yi kyan karatu, sai sakamakonta ya canza.

Wannan ya kawo mu ga sauƙaƙa bishiya bayan an gama, inda DEAP bai tanadi komai ba. Ba ya soke NOT biyu da ke jere, ba ya sare reshen da False ya kashe, ba ya amfani da dokokin De Morgan masu juya korewar AND zuwa OR da akasin haka. Gajeren jeri kuwa ya fi kowanne haifar da irin wannan tarkace. Abin da ya bayar shi ne hanyoyin hana kumburin bishiya, kamar staticLimit, wanda misalansa suke sa wa zurfin 17 bisa al'adar Koza, da selDoubleTournament mai fifita ƙaramar bishiya. Iyakar zurfin wajibi ce, domin gp.compile yana mayar da bishiya rubutu ne ya miƙa wa Python, kuma saƙon kuskuren kunshin kansa yana gargaɗin cewa bishiyar da ta wuce zurfin 90 ba za ta gudana ba. Sai dai iyakar 17 an gaje ta ne daga jeri mai yalwa, kuma harshen da ke buƙatar hawa uku don faɗin abin da wani ke faɗa da hawa ɗaya zai ci karo da ita da wuri. Ana iya kai bishiyar ga SymPy, kunshin lissafi na Python, inda simplify_logic ke aiki da kyau, amma shi ma ba ya taɓa abin da ya wuce masu canji 8 sai an tilasta masa, wanda ke nufin mazaɓin layi mai 11 ya riga ya fita daga iyakarsa.

Hukuncina shi ne DEAP ya cancanci a yi wannan aiki da shi, musamman ga ɗalibi ko mai bincike da ke shirye ya karanta rubutun shirinsa ya kuma ƙara nasa, domin ban san wani kunshin Python da ke barin a sauya harshen cikin sauƙi haka ba. Wanda ke neman abin da zai yanke masa shawarar alamomi ya fi kyau ya nemi wani, kamar tsarin Push na Lee Spector, inda kowane nau'i yake da tarinsa, umarnin da bai sami abin aiki ba kuma sai a tsallake shi, don haka yawan alamomi ba ya karya shiri. A kan bayanai masu lambobi, jerin da nake farawa da shi a DEAP shi ne lt da gt, da AND, OR da NOT da na rubuta da kaina, da sharaɗi mai gurabe uku, ba tare da eq ba, XOR kuwa sai matsalar ta nuna alamar cika da mara.

Sharaɗin nan mai gurabe uku yana da hali guda da ya kamata a sani kafin a dogara da shi. Tunda bishiyar kiran ayyuka ce a cikin juna, Python yana lissafa rassan biyu duka kafin if_then_else ya zaɓi ɗaya, haka ma AND ba ta tsayawa idan reshen farko ya ba da ƙarya. Saboda haka sharaɗi ba ya kare shiri daga kuskuren da ke cikin reshen da ba a zaɓa ba, kuma ba ya rage lokacin gudu. Idan rassan suna aikata wani abu a zahiri, kamar a misalin tururuwar da ke bin sawun abinci 89 a hanyar Santa Fe, marubutan DEAP sun kauce wa matsalar ta hanyar sa kowace gaɓa ta mayar da aikin da za a kira daga baya, ta amfani da aikin partial na Python. Duk mai son IFLTE ta zama alamarsa guda ta kwatance a shirin da ke motsa wani abu, dole ya rubuta ta bisa wannan salo, ya kuma rubuta sauran alamomin jerin haka, domin salon biyu ba sa haɗuwa a bishiya ɗaya.